Yadda Ake Ba Ɗan Kwangila Gyaran Gida, Daga Neman Mutum Har Biyan Ciko

Gyaran tsohon gida ya fi sabon gini wuyar sha'ani ta fuska ɗaya. A sabon gini komai a fili yake, kana ganin kowane bulo da ake ɗorawa. A gyara kuwa, ba wanda ya san abin da ke cikin bango sai an fasa. Ka kira mutum ya canza tayil ɗin banɗaki, yana ɗaga tsohon ya tarar bututun da ke ƙasa ya daɗe yana tsiyaya, danshi ya ci gindin bango. Nan take aiki ya canza, kuɗi ya canza, kuma idan ba a yi maganar irin wannan tun farko ba, daga nan ake fara "ba haka muka yi da kai ba". Yawancin rigimar mai gida da ɗan kwangila daga wuri biyu take fitowa: abin da ba a rubuta ba, da kuɗin da ya riga aiki yin gaba. Duk matakan da ke tafe don toshe waɗannan ƙofofi biyu ne.

Mataki na farko: zagaya gidan da takarda

Kafin ka kira kowa, bi gidan ɗaki-ɗaki kana rubuta duk abin da kake son a taɓa. "A gyara kicin" bai isa bayani ba, mutum goma za su fahimce shi ta hanya goma. Rubuta dalla-dalla: a cire tsohon tayil na ƙasa a sa sabo, a ƙara soket 3 a bangon gabas, a canza bututun wurin wanke-wanke, a yi fenti shafi 2. Duk wanda ke da ta cewa a gidan a zauna da shi yanzu, domin ra'ayin da ya sauya bayan an fara aiki shi ne mafi tsada.

Daga nan ka ware abin da ya zama dole daga abin sha'awa. Yoyon rufi, tsohuwar wayar wuta, bututu mai tsiyaya, katakon da gara ta ci da bangon da ya tsage, su ne a gaba. Fenti da ado su biyo baya. Wanda ya sa sabon silin a ƙarƙashin kwano mai yoyo zai sake sayen wani da an yi ruwan farko.

Idan aikin zai taɓa ƙashin ginin, wato za a rushe bango, a faɗaɗa ƙofa ko taga, ko a ɗora bene, to injiniyan gini za ka fara nema kafin ɗan kwangila. Kuma ya zama naka ne, kai ka biya shi, kada ya fito daga hannun wanda zai yi aikin. Wani bangon raba ɗaki kawai yake yi, wani kuwa shi ke ɗauke da nauyin rufi ko na sama, kuma ido ba ya cika bambance su. Haka ma tsagewa: siririn layi a jikin filasta sau da yawa ba komai ba ne, amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana ƙara buɗewa, tana iya zama alamar harsashin ginin na motsi. Irin wannan aiki kuma a mafi yawan wurare yana buƙatar izinin hukumar da ke kula da gine-gine, don haka ka tambaya tun yanzu.

Tsohon gida yana da wasu haɗura biyu da ba a cika kula da su ba. Tsofaffin silin da rufi da yawa an yi su da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare wanda ƙurarsa ke jawo ciwon daji na huhu bayan shekaru. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, amma yana nan birjik a tsofaffin gidaje a ƙasashe da dama. Sai tsohon fenti mai dalma, wanda Amurka ta hana amfani da shi a gidajen zama a 1978 saboda illarsa ga ƙwaƙwalwar yara. Idan kana zargin ɗayansu, kada a farfasa ko a goge shi a bushe, kuma a fitar da yara da masu ciki daga gidan har a gama.

Game da kuɗi, duk abin da ka tanada ka ware kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ka ajiye gefe saboda abin da bango zai tona. Gwargwadon tsufan gidan, gwargwadon yawan abin da za ka ware. Wannan ajiya sirrinka ce, ba sai ɗan kwangila ya san da ita ba.

Mataki na biyu: wane irin mutum, kuma wane irin ciniki

Idan aikin sana'a ɗaya ce, kamar fenti kaɗai ko rufi kaɗai, mai wannan sana'ar za ka nema kai tsaye. Ɗan kwangila yana da amfani ne idan aikin ya haɗa birkila da kafinta da mai aikin wuta da mai aikin famfo, ana buƙatar wanda zai tsara wa zai shigo bayan wa, kuma wanda za ka riƙe shi kaɗai idan abu ya ɓaci. Ribar da yake ɗorawa ladan wannan ɗawainiyar ce.

Ciniki iri uku ne. Akwai jinga gaba ɗaya, kayan aiki da lada duk a hannunsa. Wannan ya fi ba ka hutu, sai dai duk abin da ya rage a kayan aiki ya zama ribarsa, don haka dole a rubuta ingancin kowane abu. Akwai jingar lada kaɗai, kai ka sayi kaya. Nan kai ke da iko da inganci, amma duk ranar da siminti ya yanke ma'aikata suka zauna, laifinka ne, kuma kayan da ba shi ya saya ba ba zai yi tattalinsu ba. Na uku shi ne biyan kullum, wanda bai dace ba sai ga ƙaramin aikin da ba a san zurfinsa ba, kamar neman inda ruwa ke tsiyaya, domin mai karɓar ladan yini ba shi da dalilin sauri.

A ganina, ga wanda ba shi da lokacin tsayawa a kan aiki, abin da ya fi shi ne a haɗa biyun farko: ɗan kwangila ya sayi kayan yau da kullum irin su yashi, tsakuwa, ƙusa da siminti, kai kuma ka zaɓi abin da ido zai gani da abin da aka fi yin algus a kansa, wato tayil, kawunan famfo, makullai, fenti da wayar wuta.

Mataki na uku: neman mutum da bincikensa

Tambayi waɗanda aka yi wa irin aikinka. Masu sayar da kayan gini ma sun san wanda ke biyan bashi da wanda ke gudu. Tara sunaye 3 ko 4.

Hotunan da zai nuna maka a waya ba su isa hujja ba, gani ya kori ji. Ka nemi ya kai ka aiki biyu. Na farko wanda ya gama shekara 2 ko 3 da suka wuce, don kowane aiki yana da kyau ranar da aka gama shi, damina ce ke tona asiri. Dubi gindin bango ko fenti ya kumbura, ƙwanƙwasa tayil ka ji ko yana ƙarar rami, zuba ruwa a banɗaki ka ga ina ya nufa. Na biyu wanda yake kan yi yanzu. Yadda ya ajiye siminti, yadda ya kare kayan masu gida daga ƙura, da yadda yake magana da leburorinsa, haka zai yi a gidanka.

Ka samu mai gidan da aka yi wa aikin ku keɓe, ba a gaban ɗan kwangilar ba. Kada ka tsaya a "ya iya aiki?", kusan kowa zai ce eh don kara. Tambaye shi: kuɗin da kuka yi da farko shi ka biya a ƙarshe? An gama a kan lokaci? Da matsala ta fito bayan an biya shi, ka kira shi ya zo? Amsar ta ƙarshen nan ta fi sauran nauyi.

Sai takardu: rajistar kamfani idan yana da shi, lasisi inda doka ta wajabta, musamman ga aikin wuta da na iskar gas, adireshin da za a same shi, da inshora. Ka tambaye shi kai tsaye, idan ma'aikaci ya faɗo daga saman rufi, wa zai ɗauki nauyinsa? Ka kuma tambayi wa zai tsaya a kan aikin kullum. Wasu suna karɓar aiki ne su yanka wa wani a ƙasa da kuɗin, ba za ka sake ganinsu ba sai ranar biya.

Ɗan uwa ko aboki ma ana iya ba shi aiki, amma da sharaɗin za ka iya yi masa duk abin da aka faɗa a nan. Idan ka san nauyinsa zai hana ka cewa a rushe a sake, gara ka nemi bare.

Mataki na huɗu: karɓar ƙiyasi

Ba kowannensu kwafin takardar nan da ka rubuta, iri ɗaya, kuma kowa ya zo ya ga gidan da idonsa ya yi awo. Wanda ya yanke maka kuɗi ta waya bai ga aikin ba, ko dai zai ƙara daga baya ko ya rage aiki.

Kada ka karɓi dunƙulallen adadi. Ƙiyasi ya zo a rarrabe: kowane aiki da yawansa, kuɗin kaya daban, lada daban, da sunan kayan da girmansu. Ya nuna rodi mai milimita 12 ne ko 16, kaurin kwano nawa ne, fenti na wane kamfani, shafi nawa. Ya kuma faɗi abin da ba ya ciki, kamar kwashe ɓaraguzai, kuɗin izini da ruwan aiki, don a nan ake yawan ɓoye ƙari.

Jera su gefe da gefe ka bi layi-layi. Idan biyu sun yi kusa da juna, na uku ya faɗo ƙasa sosai, kada ka yi murna tukuna. Araha ba ta ado. Ko ya manta wani abu, ko zai sa kaya marasa inganci, ko kuma yana so ya shigo ne da ƙaramin kuɗi, idan ya farfasa gidan ba ka da yadda za ka yi sai ka ƙara. Kira shi ka ce, "Malam, na ga naka ya yi ƙasa da na sauran a wajen aikin famfo, wane irin bututu ka lissafa?" Yadda zai amsa zai gaya maka abubuwa da yawa. Idan aikin babba ne, biyan ƙwararren mai ƙiyasin kayan gini ya duba maka lissafin ba asara ba ce.

Wajen neman ragi, ka rage aiki maimakon ka matse lada. Wanda aka matse har ya rasa riba zai nemo ta a cikin kwaɓin siminti, inda ba za ka gani ba.

Mataki na biyar: yarjejeniya a rubuce

Ko da shafi biyu ne, a rubuta, kowa ya sa hannu, da shaidu, kowa ya riƙe kwafi. Babban aiki kuwa a kai wa lauya. A ciki a sa cikakkun sunaye da adireshi, a liƙa takardar aikin da ƙiyasin da aka amince da shi da zane idan akwai, a rubuta jimillar kuɗi, ranar farawa da ranar gamawa, da wanda zai nemo izini.

Akwai sharuɗɗa huɗu da mutane ke tsallakewa, alhali su ne ke raba gardama.

Na farko, sauyi. Duk ƙarin aiki ko ragi, sai an rubuta shi da kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, an sa hannu, sannan a yi. Saƙon waya da ɓangarorin biyu suka amsa ya fi maganar baka. "Maigida, tunda muna nan bari mu gyara wancan ma" jimla ce mai daɗin ji, amma a ƙarshen aiki da lissafinta take dawowa.

Na biyu, abin da aka tarar a ɓoye. A rubuta cewa idan an fasa aka ga ɓarnar da ba a zata ba, zai tsaya, ya ɗauki hoto, ya kira ka ka gani, a yi farashi kafin a ci gaba. Ya fi kyau ma a amince tun yanzu kan farashin kowace mita ta irin aikin da ake tsammanin zai iya fitowa, kamar canjin bututu ko sabuwar filasta, don kada a yi ciniki lokacin da gidanka ke buɗe ba ka da ƙarfin ja.

Na uku, jinkiri da tashin farashi. Me za a cire masa a kowane mako idan ya wuce wa'adi ba da uzuri ba? Mene ne uzuri karɓaɓɓe? Idan kaya suka yi tsada a tsakiyar aiki, wa zai ɗauka? Ka yi adalci a nan: jinkirin da ya taso daga rashin biyanka ko rashin yanke shawararka, ba nasa ba ne.

Na huɗu, rabuwa. Idan ya daina zuwa na kwana kaza ba bayani, kana da ikon sallamarsa bayan gargaɗi a rubuce, a auna abin da ya yi a biya shi daidai nan.

Idan za ku ci gaba da zama a gidan ana aiki, a ƙara lokacin shigowa da na tashi, wuraren da ma'aikata ba za su shiga ba, banɗakin da za su yi amfani da shi, da inda za a tara shara.

Mataki na shida: tsarin biya

Aiki a gaba, kuɗi a baya. A kowace rana, ƙimar abin da aka yi a gidanka ta fi abin da ka biya, ko da kaɗan ne. Da zarar lissafin ya juye, kai ne za ka koma bin sa da kiran waya.

Kuɗin kafin alƙalami ya zama kaɗan, gwargwadon abin da zai kawo ma'aikata da kayan farawa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a ƙa'ida doka ba ta yarda ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin gyaran gida ba, wanda ya nuna yadda matsalar karɓar kuɗi mai yawa kafin aiki ta zama ruwan dare. Idan ya ce yana buƙatar kuɗi mai yawa don sayen kaya, ka biya mai shagon kai tsaye a sauke kayan a gidanka, rasit da sunanka.

Sauran kuɗin a ɗaura shi a kan matakan aiki, kada a ɗaura shi a kan kwanan wata. Misali: kaso ɗaya bayan an gama rushe-rushe an kwashe ɓaraguzai, wani bayan an shimfiɗa waya da bututu an gwada su, wani bayan filasta da daɓe, wani bayan tayil da silin da ƙofofi, wani bayan fenti. Sannan a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 har tsawon wata 6 ko shekara bayan miƙa aiki, kamar yadda ake yi a manyan kwangiloli. Wannan cikon shi ne zai dawo da shi idan wani abu ya lalace.

Biya ta banki ya fi, ko kuma a ba ka rasit a kowane biya. Lokaci-lokaci ka tambayi ma'aikata da masu kawo kaya ko ana biyansu. A wasu ƙasashe doka ta ba wanda ba a biya ba damar ɗora bashinsa a kan gidan da ya yi wa aiki, ko da mai gidan ya biya ɗan kwangila. Inda babu wannan doka ma, ƙofarka za su zo. Kai ma idan mataki ya cika ka biya a ranar, don mai jan ƙafa wajen biya ba shi da bakin yin faɗa a kan jinkiri.

Mataki na bakwai: sa ido

Ba sai ka wuni a wurin ba, amma akwai lokutan da dole ka kasance, wato duk lokacin da za a rufe wani abu. Jerin aikin gyara a ƙa'ida shi ne rushewa, gyaran ƙashin gini da rufi, waya da bututu, filasta, daɓe da tayil, silin da ƙofofi, fenti a ƙarshe. Wanda ya tsallake jerin nan zai fasa abin da ya riga ya gama.

Kafin a zuba kankare, ka ga rodin, girmansa da tazararsa, a gwada da zanen injiniya. Bayan an zuba, yana buƙatar ban ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa, don haka kada a yi gaggawar cire tokara ko ɗora masa nauyi. Simintin da ya wuce wata 3 a ajiye ya fara rasa ƙarfi, wanda kuma ka ji ƙulalai masu tauri a cikinsa, danshi ya riga ya shige shi.

Kafin a rufe bututu da filasta, a saki ruwa a toshe bakunan a bar shi, a bi kowane mahaɗi a duba. Banɗakin bene kuwa, bayan an sa maganin hana ruwa wucewa kuma kafin tayil, a toshe magudana a tara ruwa a ƙasan na aƙalla awa 24, sannan a duba silin ɗin da ke ƙarƙashinsa. Daɓen ya gangara zuwa magudana, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita.

Wayar wuta ita ce wurin da ha'inci ya fi haɗari. A tsarin da ya fi yaɗuwa, wadda masu aikin wuta ke kira 1.5 (lambar kaurinta ke nan) ta fitilu ce, 2.5 ta soket, 4 ko 6 ta masu jan wuta sosai irin su murhun lantarki da injin ɗumama ruwa. Kankare bakin wayar da wuƙa: ta jan ƙarfe zalla ja ce har ciki, wadda aka yi wa rufi kawai za ka ga fari ya bayyana. Ka tabbata an haɗa wayar ƙasa, wato wadda ke kai wuta cikin ƙasa don kada ta ja mutum. Ɗauki hoton kowane bango kafin a shafe shi, zai yi maka amfani ranar da wani zai buga ƙusa.

Tayil a sayo da rarar kamar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, a ajiye abin da ya rage, don samun launi iri ɗaya bayan shekaru yana da wuya. Sabuwar filasta kuma a bar ta ta bushe sosai kafin fenti, in ba haka ba zai ɓare.

Idan ka ga kuskure, da ɗan kwangilar za ka yi magana, a keɓe, a ranar. Kada ka riƙa ba ma'aikatansa umarni kai tsaye, domin gobe zai ce ai kai ka sa aka yi haka.

Mataki na takwas: karɓar aiki

Da ya ce an gama, ku zagaya tare, da rana, takardar farko a hannunka. Buɗe kowace ƙofa da taga, kunna kowace fitila, gwada kowane soket da cajar waya, saki kowane famfo ka leƙa ƙarƙashinsa, haska bango da tocila daga gefe ka ga ko filastar ta miƙe. Rubuta duk abin da ya saura, ku sa hannu, a sa ranar gyarawa. Biyan matakin ƙarshe, ban da cikon da za a riƙe, sai an kammala wannan jerin kuma an share wurin. Karɓi makullai duka, rasit-rasit, takardun garanti da takardar izini.

Idan kuwa abin ya lalace a hanya, ya gudu ko ya ƙi gyara, tsayar da biya, ɗauki hotuna, aika masa gargaɗi a rubuce da wa'adi. Kafin wani ya taɓa aikin, kawo ƙwararren da ba ruwansa da ku ya auna abin da aka yi ya rubuta rahoto, don da zarar sabon mutum ya ɗora hannu hujjarka ta ɓace. Fara da sulhu ta hannun shaidun yarjejeniya ko ƙungiyar sana'arsa, kotu ta zama ta ƙarshe.

Lokacin riƙon ciko kuwa, duk abin da ya fito ka sanar da shi a rubuce nan da nan, kada ka tara sai ƙarshe. Idan wa'adin ya cika, zai fi kyau a ce damina ɗaya ta ratsa ta cikinsa, ku sake zagayawa, ya gyara abin da ya rage, ka ba shi cikonsa cif, ya rubuta maka cewa ba ya bin ka komai.